Gashin da Ba Ya Warkarwa: Nazarin Rainon Wani Ɗan Fisiyo a Kulawar Sassauci

Saƙon ya shigo mini bayan Isha'i, daga wani yaro ɗan fisiyo irina, wato mai jinya ta motsa jiki da gashi, da ya yi horon shekara ɗaya a hannuna kafin ya tafi bautar ƙasa. "Anti, barka da dare. Ina da wani dattijo mai ciwon baya, na gasa masa da jakar ruwan zafi har sau huɗu, babu sauƙi. In gwada masa altrasawun?" Yana nufin na'urar nan da muke gasa tsoka da ita ta hanyar sauti, ba ta ɗaukar hoto ba.

Da da rana tsaka ya tambaya, ina fama da layin majinyata, wataƙila da na ce masa gwada mana, in wuce. Allah Ya sa ina zaune. Na ce me ya kawo dattijon asibiti tun farko? Sai ya turo hoton katin da aka aiko shi da shi, ya danne sunan da babban yatsa. Sankarar furostet ce, ƙululun nan da ke ƙasan mafitsarar maza, kuma ta riga ta shiga ƙashi. A ƙasan katin likita ya yi rubutun nan nasu na sauri, kalma biyu da Turanci, ma'anarsu dai "a motsa shi". Na ajiye shayin na kira shi.

Ciwon yana zagayowa gaba kamar an ɗaura masa ɗamara? E. Yana tsananta in ya kwanta da dare, ko in ya yi tari, ko ya yi yunƙuri a bayan gida? E, ɗansa ya ce ba ya runtsawa. Ƙafafu fa? "Ya ce sun yi masa nauyi tun shekaranjiya. Na ɗauka rashin motsa jiki ne, shi ya sa na ƙara masa hawa matakala." Fitsari fa? Shiru. Bai tambaya ba.

Duk wanda ya daɗe da masu sankara ya san wannan jeri. Alamun ƙari ne ya fara danne laka a cikin ƙashin baya, kuma abu ne da ake ƙirga shi da awoyi. Wanda aka cim masa yana iya takawa, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda aka bari har ƙafafun suka mutu, da wuya su dawo. A Ingila ƙa'idarsu a ɗauki hoton MRI cikin awa 24 da zarar an ga irin waɗannan alamu, a kuma fara ba da deksametason, yawanci miligiram 16, don rage kumburin da ke matse lakar. Altrasawun kuwa a kan inda ƙari yake, tun a makaranta aka hana mu. Yaron ya san da haka. Abin da ya faru shi ne katin ya ce a motsa, shi kuma ya ga ciwon baya, sai hannunsa ya tafi inda ya saba.

Daga wannan dare zuwa ranar da aka rufe fayil ɗin dattijon, mako goma sha ɗaya ne. Na cire sunayen mutane da na gari da na asibiti, na sauya 'yan abubuwan da za su iya tona asiri. Dattijon zan kira shi Baba, yadda kowa ke kiransa a ɗakin.

Asibitin gwamnati ne a wani babban gari, tafiyar awa uku daga inda nake aiki. An kafa musu ƙaramar tawagar kulawar sassauci, wato kula da mutumin da cutarsa ta wuce warkewa, a rage masa raɗaɗi da wahala, a riƙe masa mutuncinsa, a tallafi iyalinsa. Akwai likita ɗaya, nas biyu, mai harhaɗa magani, da ma'aikaciyar walwala. A takarda kuma an rubuta ɗan fisiyo ɗaya da 'yar oti ɗaya. Oti su ne masu koya wa majinyaci sake gudanar da ayyukansa na yau da kullum, wanka da sa kaya da cin abinci da sana'a, su gyara masa muhalli da kayan aiki yadda zai iya. Su biyun nan an ba su wasiƙar turawa ne kawai. Babu wanda ya zaunar da su ya ce ga abin da aikin yake.

Ban ga laifinsu ba. Shekara biyar muka yi a jami'a ana koya mana shanyewar ɓarin jiki, karaya, shan inna, ciwon baya da na gwiwa. Duk darasin a kan hanya ɗaya yake: yau majinyaci ya ɗaga hannu zuwa nan, mako mai zuwa ya kai can, wata uku a sallame shi yana murmushi. Ma'auninmu kenan. Shi ya sa yaron ya tsara wa Baba jadawalin mako shida, da ƙarfafa tsoka da tafiya tsakanin ƙarafa da hawa matakala, kamar wanda aka cire wa filasta. Baba yakan koma gadonsa ya kwana ya wuni bai iya ɗaga kofi ba. Ranar da ya ce ya gaji, sai aka rubuta a fayil cewa majinyaci ba ya ba da haɗin kai.

Ashe abin da ya fi tsorata yaron a daren nan ba lakar ba ce. "Anti, ni ne zan je in ce wa kwansaltan, babban likita, bai duba da kyau ba?" Na ce ba haka za ka ce ba. Za ka faɗi abu biyar ka yi shiru: ga majinyaci kaza mai sankara a ƙashi, ga ciwo mai zagaye da ke tsananta da dare, ƙafafu sun yi rauni cikin kwana biyu, ina tsoron danne laka, ina roƙon a zo a duba shi yau. Muka maimaita sau uku a waya. Ni na zama kwansaltan, na katse shi, na yi masa tsawa, na tambaye shi wa ya ba shi izinin gano cuta. A karo na uku muryarsa ta daina rawa. Ya koma asibiti a daren ya samu likitan da ke kan aiki. Kafin asuba an kwantar da Baba a miƙe, an fara maganin, an kuma gano fitsari ya taru masa, aka sa masa roba.

Hoton bai samu ba sai bayan kwana huɗu, da 'ya'yan suka haɗa kuɗi. Ya nuna abin da muke tsoro, a tsakiyar baya.

Washegari na ce masa wannan ba abin da za a riƙa yi da saƙon dare ba ne. Muka yi yarjejeniya. Kowace Alhamis bayan La'asar, minti arba'in a waya, har wata shida. Zai zo da majinyaci ɗaya da ya tsaya masa a rai, ba wanda ya yi nasara a kansa ba. Babu suna, babu fuska, babu lambar fayil a WhatsApp. Abin da ya faɗa mini ba zai kai kunnen shugaban sashensa ba, sai in ran majinyaci na cikin haɗari, kuma ko a nan shi zan fara gaya wa. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ginshiƙin abin. Shugaban sashe shi ke cika takardar ƙarin girma, saboda haka ba wanda zai je gabansa ya ce na kusa gurgunta mutum da matakala. Mai raino dole ya kasance wanda za a iya faɗa wa wannan. Na kuma ce ya zo da abokiyar aikinsa 'yar oti in tana so. Ta zo tun farko, amma ta zauna shiru. Zan dawo kanta.

Na sa su karanta abubuwa kaɗan, ba da yawa ba. Labarin Sisili Sondas, wadda ta fara da aikin nas, ta koma ma'aikaciyar walwala, sannan ta zama likita, ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta fito da maganar cewa ciwon mai cutar ajali dunƙulalle ne: na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi duk a haɗe suke, in ka taɓa ɗaya ka taɓa saura. Da labarin Dakta An Meriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a kudancin Najeriya kafin ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala a 1993, inda ake dama garin mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da ruwa a zuba a kwalba majinyaci ya sha a gidansa. Na gaya musu a ƙasar nan ma abin ba baƙo ba ne, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa tun 2007 da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, kuma a 2014 babban taron lafiya na duniya ya zartar cewa wannan kulawa wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya wajaba a kan kowace ƙasa. Amma abin da ya fi yi wa yaron amfani shi ne rabe-raben da wani likitan sankara a Amurka mai suna Dietz ya yi wa aikinmu gida huɗu: na rigakafi, na maido da abin da aka rasa, na tallafa wa abin da ya rage, da na sassauci. Ya ce mini, "Wato ni gida na biyu kaɗai aka koya mini." Na ce ni ma haka, sauran a bakin gado na tsince su, da kuskure mai yawa.

Ga ɗaya daga ciki, sabo fil, a kan Baba. Ni na ce a kwantar da shi a miƙe, a riƙa juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare, har sai an tabbatar ƙashin bayan ba zai goce ba. Daidai ne. Abin da ban faɗa ba shi ne wa zai tabbatar, kuma yaushe, kuma wa zai bi shi ya tambaya. Yaron da ya tsorata sau ɗaya ya riƙe rabin umarnin da hannu biyu. Likitan ƙashi yana jiran a kira shi, likitan sassauci ya ɗauka an kira, nas suna jiran fisiyo. An kai Baba wani gari aka yi masa gashin sankara, aka dawo da shi, yana nan a miƙe. Kwana goma sha biyu. Ranar Alhamis 'yar otin ce ta buɗe baki karo na farko: "Anti, akwai wani jan tabo a ƙugunsa, in na danna ba ya yin fari." Farkon gyambon kwanciya kenan. Ga cikinsa ya ɗaure, don mofin yana ɗaure ciki, kwanciya kuma ta ƙara. Na ce musu laifina ne, na faɗa musu dalla-dalla inda na yi shi. Ban yi haka don in koyar da tawali'u ba, gaskiyar ce kawai. Amma na lura daga ranar tambayoyinsu suka sauya, suka fara kawo abin da suke jin kunyarsa.

Likitan ƙashi ya zo washegari, ya duba hotuna, ya ce a ɗaura masa ɗamarar baya a fara ɗaga shi. Aka riƙa ɗaga kan gadon kaɗan-kaɗan cikin awoyi, ana tambayar ciwo, ana gwada ƙarfin ƙafa da jin taɓi a kowane mataki. Ya kuma nuna wani rami da sankarar ta ci a ƙashin cinyar dama. Muka zauna da yaron a waya muka bi ma'aunin Mirels, wanda aka fitar a 1989, mai duba wurin da ramin yake da girmansa da irinsa da zafin ciwon, a haɗa maki tsakanin 4 da 12, daga 9 zuwa sama a ce ƙashin na dab da karyewa. Na Baba bai kai nan ba, amma bai yi nisa ba. Saboda haka babu murɗa ƙafar, babu turawa da ƙarfi, nauyinsa kuma a raba shi da karagar tafiya, ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa. Ƙafafun ba su dawo yadda suke ba. Yana iya tsayawa, yana iya taku biyar ko shida.

A nan ne maganar gashi ta fito, kuma ita ce na fi daɗewa ina juyawa. A bakin mutanenmu aikin fisiyo sunansa gashi. Hasken da ake ƙona ƙari da shi, shi ma gashi. Tun ranar farko da aka ce wa iyalin "za a tura shi gashi", babban ɗan ya fahimci cewa wannan yaron mai farar riga shi ne zai ƙone cutar. Shi ya sa suke biyan kuɗin kowane zama ba gardama, har da sayar da tumaki biyu. Shi ya sa kuma in Baba ya ce ya gaji, 'ya'yan ke lallaɓa shi ya daure. Su kuma sun roƙi likita kada a gaya wa Baba sunan ciwon, wai kada zuciyarsa ta karye. Kowa a gidan yana kare kowa.

Likita yakan tsaya minti biyar a bakin gado, da ɗalibai a bayansa. Ɗan fisiyo yakan yi minti arba'in, hannunsa a jikin mutum. To wa kake tsammani za a tambaya? Rannan yana gyara masa ɗamara, ɗan ya fita sayen ruwa, Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, zan tashi kuwa?" Yaron ya ce, "In sha Allahu Baba, sai ma kin..." ya ruɗe har ya kuskure lafazi, ya ce zai ɗauko wani abu, ya fita bai dawo ba sai washegari.

Alhamis ɗin nan ba mu yi maganar tsoka ko ɗaya ba. Na ce masa in sha Allahu ba ƙarya ba ce, amma ta danganta da abin da ka jingina mata. In ka ce za ka warke in sha Allahu alhali ka ga hoton, ka sa sunan Allah ka rufe bakin dattijo. Bayyana sunan cuta da abin da ke gaba aikin likita ne tare da iyali, kuma ya kamata ka koma ka gaya wa tawagar cewa Baba yana tambaya, a zauna da 'ya'yan. Amma kai ma akwai naka. Ka ja kujera ka zauna, kada ka tsaya a kansa. Ka mayar masa da tambayar: Baba, kai me kake ji a jikinka? Me ya fi damunka? In ƙafafun nan ba su koma kamar da ba, mene ne abu ɗaya da ba ka so ya kuɓuce maka? Sannan ka yi shiru, ko shirun ya yi maka nauyi.

Ya je ya yi. Ya kira ni a ranar, bai jira Alhamis ba. Baba mai ɗinkin hula ne, shekara arba'in da wani abu yana zaune a ƙofar gida da allura da zare. Yaron ya zaci zai ce kasuwa, ko masallacin Juma'a. Abin da ya ce shi ne, "Na san jikina, ba yau aka haife ni ba. Ni dai kada ɗana ya riƙa ganin tsiraicina. In zan iya kai kaina bayan gida in yi tsarki da hannuna, in fuskanci gabas, sauran na Allah ne."

Jadawalin mako shida ya tafi kwandon shara. Aka zauna da 'ya'yan, likita da ma'aikaciyar walwala suka warware musu gashi biyun, aka yi kuka, aka sallami Baba ya koma gida da kwalbar mofin da maganin sakin ciki.

Daga nan aikin ya koma hannun 'yar oti, ni kuma na sake yin tuntuɓe. Na ce a nemo keken guragu da kujerar ba-haya irin ta asibiti, na ma turo hoton wadda muke amfani da ita. Ta ce, cikin ladabi, "Anti, bari in je gidan tukuna." Ta je da awon tela a jaka. Ƙofar ɗakin Baba keke ba zai shiga ba. Akwai dokin ƙofa mai tsayin taƙi guda. Tsakar gida rairayi ne, masai na tsuguno ne a can ƙarshe, bayan kwata. Katifarsa a ƙasa take, kuma mutumin da ba ya iya murɗa cinya ba zai tashi daga ƙasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ina ba da shawara daga nisan awa uku a kan gidan da ban taɓa gani ba, a fannin da ba nawa ba.

Wannan ya sa na gane iyakata. Zan iya rainonta a kan yadda ake zama da mutuwa da yadda ake magana da likitoci, amma sana'arta tana buƙatar 'yar'uwarta. 'Yan oti ƙalilan ne a ƙasar nan, yawancin makarantunsu ma a kudu suke, irin ta Oshodi a Legas da jami'ar Ile-Ife, kuma ita kaɗai ce a asibitinta, ba na sama da ita ba na ƙasa. Hukuma ɗaya ke yi mana rajista mu da su, wadda aka kafa a 1988, saboda haka mutane kan ɗauka aikin ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na bi ta wata tsohuwar abokiyar karatu na samo mata wata babbar oti a kudu, suka riƙa magana sau biyu a wata.

Abin da ta yi a gidan, da kafinta na unguwa da kuɗin da bai kai na zaman gashi uku ba: aka ɗora katifar a kan gadon katako, tsayinsa daidai gwiwar Baba. Aka juya gadon yadda in ya zauna a bakinsa alƙibla na gabansa, in ya kwanta a kan dama ma haka. Ta samo kujerar roba mai hannu, irin ta gidan biki, ta haɗa biyu don ƙarfi, aka yanke tsakiya aka goge bakin da wuta don kada ya yanke fata, aka sa bokiti mai murfi a ƙasa da ɗan toka a ciki. Aka kafa wani ƙarfe a bango inda hannunsa na dama zai kama. Aka ɗaura igiya aka rataye zane ya zama labule. Buta kuma ta sauya ta da ƙarama, don babbar in ta cika tana sa shi karkata baya. Ta nemi limamin unguwa ya zo ya yi masa bayanin taimama da salla a zaune da hukuncin mai robar fitsari, ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Baba ya san hadisin. Yana so ne ya ji daga bakin liman cewa shi ma ya shiga cikinsa.

Aikin yaron ya zama taku uku: daga bakin gado, a tashi da karaga, a juya da ƙananan taku ba tare da murɗa cinya ba, a zauna. Shi kaɗai suke maimaitawa, sau biyu, ba fiye ba, don ƙarfin Baba na yini ɗaya kamar kuɗin cefane ne, in an kashe a motsa jiki babu na zuwa kujera. Ya koyi daidaita zuwansa da lokacin magani. Mofin na ruwa ana shan sa duk awa huɗu, ya roƙi likita ya rubuta ɗan ƙari da za a sha kamar rabin awa kafin motsi mai zafi. Ya koya wa ɗan yadda zai tsaya a bayan labule, kusa yadda zai ji kira, nesa yadda ba zai gani ba.

Na je sau ɗaya, ranar Asabar, don zuwa da kai ya fi saƙo. Na tarar da Baba a bakin gado, an jingina masa matashi, wata hula da bai gama ba a cinyarsa, yana sa allura yana hutawa. Ya ce, "Ke ce malamar tasu? To yaranki sun iya aiki, sai dai wannan namijin akwai yawan tambaya." Na duba ƙugun, tabon ya baje. Na kalli yaron yana tayar da shi, na ga ya sa hannu a hammata. Ban ce komai ba sai da muka fito zaure, sannan na nuna masa a jikina inda ya kamata ya riƙe. Minti biyu. Abin da waya ba za ta taɓa nuna mini ba kenan.

Kwana ashirin da uku Baba yana kai kansa kujerar.

Da hunturu ya shigo ƙarfin ya tafi, numfashi ya fara yi masa wuya. Yaron ya kira a firgice yana maganar iskar oksijin da mayar da shi asibiti. Na ce a sanar da likita ya duba ko akwai abin da ake iya gyarawa, a kuma tambayi Baba inda yake so ya kasance. Ya ce gida. Sai muka koma ƙananan abubuwa: a ɗaga masa kai da ƙirji da matasai, a buɗe taga, a riƙa yi masa fifita a fuska. Iska mai sanyi a kan hanci da kumatu tana rage jin shaƙewa, an gwada wannan a asibitocin Ingila da 'yar fanka ta hannu, mu kuma muna da mafici a kowane ɗaki. A koya masa fitar da numfashi a hankali ta laɓɓa, kada ya riƙa kokawar jawowa. A juya shi duk awa biyu, a shafa mai a dugadugai, a motsa gaɓoɓi a hankali don kada su sandare. Yaron ya ce, "Anti, wannan ai ba fisiyo ba ne, kowa ma zai iya." Na ce to koya wa kowan, matan gidan su ne a wurin da ƙarfe uku na dare.

Baba ya rasu ranar Talata da asuba, a kan gefensa na dama. Yaron ya je jana'iza, 'yar oti ta shiga cikin gida gaisuwa. Na san wasu manyanmu ba sa son haka, suna cewa ma'aikaci ya riƙe tazara. Ni ban hana ba. A garin da in maƙwabcin abokin aikinka ya rasu kana zuwa, rashin zuwa gidan mutumin da ka yi wata biyu kana ɗagawa shi ne abin mamaki.

Alhamis ɗin da ta biyo baya ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki sai ya koma kan matakala: da bai hau da shi ba, da ya tambayi fitsari tun ranar farko, da ƙafafun sun tsira? Ban ce masa a'a ba. Na ce mai yiwuwa kwana biyun nan sun rage wani abu, kamar yadda kwana goma sha biyuna suka rage, da kwana huɗun neman kuɗin hoto. Na tambaye shi yanzu me yake yi in kati ya zo da sankara a kai. Ya ce ba ya taɓa mutum sai ya ga hoton ƙashi ya yi tambayoyin nan huɗu, kuma ya rubuta su ya manna a bangon sashe, har 'yan horo sun fara kwafa. Ya ce ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki. Muka yi maganar wannan ma, da wanda yake da shi a gida da zai iya gaya wa.

Daga ƙarshe ya ce akwai takardar rufe fayil a gabansa. Gurbi huɗu ne: ya warke, ya samu sauƙi, bai samu sauƙi ba, ya rasu. Wanne zai cika? Na ce cika na huɗu, sannan ka rubuta a ƙasa abin da majinyaci ya nema da adadin kwanakin da ya same shi. Ya rubuta layi biyu, 'yar oti ta sa hannu kusa da nasa.

Bayan mako guda ofishin adana fayil ya dawo masa da takardar, da ɗan rubutu da jan biro cewa ba a rubutu a wajen gurbi. Ya sake cika wata, ya manna ta farkon a cikin bangon fayil ɗin da abin maƙala takarda. A ranar ma aka turo masa wata mata mai sankarar mama, hannunta na hagu ya kumbura har zobe ya nutse, kuma ita ce muka tattauna a Alhamis ta gaba.